Dan Allah a daina yi wa masu giɓi gori, ba ƙazanta kaɗai ke zubar da haƙori ba

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya kuma jama'a. Mu nan Jos sai godiya, sanyi ne dai ya sako mu gaba kamar yadda ya saba, da asuba in ka taɓa ruwan buta sai ka ji kamar an sare maka yatsa. Dan Allah ka ɗan ba ni fili a shafinka na wasiƙu, akwai maganar da ta daɗe tana ci na a rai, kuma abin da ya faru ranar Asabar ɗin da ta wuce a teburin mai shayin unguwarmu ne ya sa nace yau kam sai na rubuta, ko da za a ce na cika surutu.

Muna zaune ni da Yayana bayan sallar isha'i, an kawo mana shayi da burodi, ana ta hirar ƙwallo, sai wani ya faɗi abin dariya Yaya ya manta ya buɗe baki ya yi dariya sosai, abin da ya daɗe bai yi ba a cikin mutane. Kawai sai wani yaro ɗan keke, wanda a haife Yaya ya haife shi, yace wai Alhaji ina haƙoran suka tafi ne, ko jingina aka bayar, ai da ana ɗan wanke baki da ba a kai ga haka ba. Aka kwashe da dariya. Yaya bai ce uffan ba, ya ja mayafin da ya naɗa a wuya saboda sanyi ya rufe bakinsa, ya biya kuɗin shayin da ko rabi bai sha ba ya tashi. Wallahi Malam Edita har gida ban iya ce masa komai ba, dan ni na san abin da yaron nan bai sani ba.

Yayan nan nawa shekararsa 52, yana sayar da yadi a wajen kasuwar Terminus, kuma in ana neman mai tsaftar baki a zuriyarmu to shi ne na ɗaya. Aswaki ba ya rabuwa da aljihunsa, duk alwala sai ya yi, sau biyar kenan a rana, ga buroshi da makilin safe da dare tun muna samari, har tsokanarsa muke yi muna cewa wata rana sai ya goge haƙoran sun ƙare. Amma yau haƙora tara ya rasa, kuma abin mamakin ko ɗaya a ciki bai yi rami ba, farare tas suka fita, wani ma yana cikin cin tuwo ya ji shi a cikin loma. Girgiɗi kawai suke farawa kamar turken da ruwan sama ya cinye ƙasar gindinsa, sai a wayi gari babu.

Ga kuma Baba maigadin makarantar da nake koyarwa, ya haura 70, ni dai ban taɓa ganinsa da buroshi ba kuma shi da bakinsa yace bai san kuɗinsa ba, goro ne abincinsa daga safe har dare haƙoran sun yi ja wur, amma mutumin nan da haƙori yake ɓare rake, ƙashin kaza kuwa ba ya barin wa kyanwa komai. To in tsafta ce kaɗai ke riƙe haƙori ai da Baba ne wawulo ba Yaya ba. Wannan tambayar ce ta sa na dinga bin Yaya asibiti ina damun likitocin haƙori da tambaya, ni ba likita ba ne, malamin kimiyyar halittu ne a sakandare, amma abin da na ji daga bakinsu da wanda na karanta ya isa in ce muna zaluntar mutane da yawa da bakinmu.

Farko dai ciwon nan ba na haƙori ba ne, na dasashi ne da ƙashin da ke riƙe da haƙorin. Wannan farin dattin mai yauƙi da kake ji a jikin haƙori in ka tashi daga barci, ba ragowar abinci ba ne kawai, taron ƙwayoyin cuta ne suka yi gida a daidai inda haƙori ya haɗu da dasashi. In ba a goge shi ba cikin 'yan kwanaki sai ya daskare ya zama kamar siminti, wannan ko ka kwana kana dirza da buroshi ba ya fita sai likita ya kankare. Jiki kuma ba ya zuba ido, sai ya turo sojojinsa na garkuwa wajen, dasashi ya kumbura ya yi ja, kana taɓawa jini. A wannan matakin abu mai sauƙi ne, in aka wanke aka kula komai na komawa daidai. Matsalar ita ce a jikin wasu mutanen faɗan ba ya tsayawa a nan, sojojin nan sai su yi ta ɓarin wuta ba ji ba gani har su rushe gidan da aka turo su karewa, dasashi ya saki haƙori ya bar wani ɗan aljihu a tsakani, datti ya ƙara samun wajen ɓuya, ƙashin muƙamuƙi ya dinga zaizayewa a hankali. Likita na da wani ɗan siririn ƙarfe mai alamomi da yake zurawa ya auna zurfin aljihun, mai lafiya milimita 1 zuwa 3 ne, na Yaya a wasu wuraren an samu 8. Kuma mugun abin ba ya zafi sai can ƙarshe, shi ya sa mutum zai yi shekara goma da shi yana tofar da jini kullum da safe yana cewa ai buroshin ne mai ƙarfi. Ƙashin da ya riga ya tafi kuwa da wuya ya dawo, sai dai a tsayar da ɓarnar a inda ta kai.

Kenan datti ne ke kunna wutar, wannan ba musu, kada wani ya karanta wasiƙar nan ya je ya jefar da buroshinsa yace malam yace ba amfani. A 1965 wani likita mai suna Harald Löe ya yi gwaji a ƙasar Denmak, ya sa mutane masu lafiyayyen baki suka daina wanke baki gaba ɗaya, cikin kwana 10 zuwa 21 duk dasashinsu ya kumbura, da suka koma wankewa cikin kamar mako guda ya warke. Amma ka lura ko a nan ma wani kwana 10 ya ɗauka wani sai da ya yi sati uku. Binciken da ya fi ba ni mamaki shi ne wanda mutumin nan da abokan aikinsa suka yi a Siri Lanka, daga 1970 suka bi wasu maza 480 masu aikin gonar shayi har tsawon shekara 15, mutanen da ba su san buroshi ba ba su san likitan haƙori ba, aikinsu ɗaya abincinsu kusan ɗaya, dattin baki kuma kowa na da shi jingim. Da aka fitar da sakamako a 1986 sai ga shi sun rabu gida uku. Kashi 8 cikin 100 ciwon ya cinye su da sauri, tun suna 'yan shekara 20 haƙora suka fara zuba, kafin su kai 45 baki ya zama wayam. Kashi 81 ciwon na tafiya amma sannu a hankali. Kashi 11 kuwa duk da dattin nan ciwon bai wuce ɗan kumburin dasashi ba. Ranar da na karanta wannan sai nace ashe Baba maigadi ɗan kashi 11 ne, Yaya kuma Allah ya sa shi a ɗaya gefen, ba dan wani ya fi wani wanka ba.

To me ke jefa mutum a wancan gefen? Na farko gado. An yi bincike a kan tagwaye a Amurka aka ga kusan rabin bambancin da ke tsakanin mutane a ciwon nan daga jini yake, wato yadda garkuwar jikinka ke mayar da martani kai ma gadonsa ka yi kamar yadda ka gaji tsawo ko hasken fata. Da na ji haka sai na tuna da Innarmu, Allah ya jiƙanta, tun kafin ta kai 50 tuwo sai an yi mata mai laushi, nama kuwa sai an daka, kuma duk gidan abin da ake cewa haihuwa ce ta cinye mata haƙora tunda mu tara ta haifa. Ƙanenta ma, Kawunmu na Bukuru, haka ya ƙare, shi kuma bai taɓa yin naƙuda ba balle a ce haihuwa ce. Ba wanda ya taɓa haɗa lissafin. Da wani ya gaya wa Yaya tun yana ɗan 25 cewa kai fa gidanku akwai abin nan ka dinga zuwa ana duba ka, da wataƙila ba wannan wasiƙar nake rubutawa ba.

Na biyu kuma shi ne wanda ya fi ƙona min rai, ciwon suga. Yaya ya yi shekaru yana fama da ƙurji a dasashi, ya kumbura ya fashe da mugunya ya sake dawowa, ga warin baki da ya sa har kwastomomi yake yi wa magana yana kallon gefe, kullum yana hanyar kemis ana ba shi kafso ja da baƙi ya sha kwana uku ya lafa ya dawo. Sai da wata likitar haƙori, yarinya ma ƙarama, ta leƙa bakinsa ta ɗago ta tambaye shi Alhaji kana yawan tashi fitsari da dare? Yace ƙwarai. Tace kana yawan jin ƙishi? Yace ko a wannan sanyin. Ta tura shi gwajin jini, ashe suga ya daɗe da hawa bai sani ba. Ka ji fa Malam Edita, a kujerar likitan haƙori aka gano sugan Yaya. Mai sugan da ba a daidaita ba haɗarin kamuwarsa da ciwon dasashi mai tsanani ya kai kusan ninki uku na wanda ba shi da shi, saboda sugan na raunana ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta, yana ƙara rura kumburi, ciwo kuma ba ya saurin warkewa, shi ya sa tun 1993 shi wannan Löe ɗin ya kira ciwon dasashi matsala ta shida a jerin abubuwan da suga ke jawowa, bayan irin su ido da ƙoda da jijiyoyi. Kuma abin gaba da baya ne, suga na lalata dasashi, dasashin da ya rure shi ma yana hana suga sauka. An tabbatar in aka yi wa mai suga wankin dasashi mai zurfi, gwajin jinin da ke nuna matsakaicin sugan wata uku yana sauka da kusan 0.4, abin da masu ciwon suka san ba ƙaramin abu ba ne. Amma je ka layin masu suga a asibiti, za a duba ƙafa za a tura ka wajen ido za a yi maganar ƙoda, da ƙyar ka ji an ce buɗe bakinka mu gani. Yaya ya yi wata shida yana zuwa ganin likitan suga a wani asibiti ba wanda ya taɓa tambayarsa haƙoransa.

Sai taba. Ita kuma munafuka ce, dan tana ɓoye laifinta. Hayaƙin na matse ƙananan hanyoyin jinin dasashi, sai ya zama mai shan sigari ba ya ganin jini in yana goge baki, yana murna shi lafiyarsa ƙalau alhali ƙashi na can yana narkewa a ƙasa, kuma ko an yi masa magani ba ya karɓa kamar na wanda ba ya sha. A 2017 manyan likitocin dasashi na Amurka da Turai suka yi taro a Shikago suka sake tsara yadda ake auna ciwon, abubuwa biyu suka ware da ke sa a ɗaga mutum zuwa rukunin masu haɗari kai tsaye, shan sigari kara 10 ko fiye a rana, da sugan wata uku da ya kai 7 ko ya wuce. Yaran da ke zama gidajen shisha suna cewa ai wannan ruwa ne da ƙamshin tuffa, su sani hayaƙi dai hayaƙi ne. Haka tsofaffinmu masu cusa garin taba a leɓe, daidai wajen da suke ajiye ta za ka ga dasashin ya janye. Yaya ya sha sigari shekara kusan goma sha biyar kafin ya tuba ya bari da ya dawo daga Hajji, wannan ma sai da likita ta matsa ya faɗa, dan ko matarsa ba ta san ya kai haka ba. Gado, suga, taba, uku rigis a kan mutum ɗaya, ina aswaki zai iya da wannan shi kaɗai.

Mata kuma nasu daban ne. Mai ciki sinadaran jikinta na canzawa sai dasashi ya zama mai saurin fushi, ɗan dattin da a da ba ya komai yanzu sai kumburi da jini, yakan fara tun wata na biyu ko na uku ya yi ta ƙaruwa har wajen wata na takwas, wata ma har wani ɗan tsiro ja ke fito mata a tsakanin haƙora wanda yawanci yake bajewa bayan haihuwa. Ga laulayi, ƙamshin makilin kaɗai na sa wata amai sai ta haƙura da goge bakin gaba ɗaya. Uwargidana a cikinta na uku haka ta yi ta tofar da jini, tsofaffin gida suka ce ɗan ne ke zuƙe mata ƙarfin haƙori, kuma kada ta kuskura ta je a taɓa mata baki da ciki. Duka biyun ba gaskiya ba ne, jariri ba ya ɗiban komai daga haƙorin uwa, kuma wankin haƙori a asibiti ba ya cutar da ciki. Abin da ke faruwa shi ne mace ta yi ciki takwas ko tara a jere, kowanne da nasa kumburin ba a kula ba, in kuma dama tana da gadon abin to sai dai a ce haihuwa ce, kamar yadda aka ce wa Innarmu. Lokacin balaga ma yara kan yi irin wannan kumburin, haka matan da al'ada ta ɗauke musu.

Akwai kuma magunguna, wannan mutane kaɗan ne suka sani. Maganin hawan jini irin su amlodifin da nifedifin, da fenitoyin na masu farfaɗiya, a jikin wasu suna sa dasashi ya yi kauri ya hau kan haƙori har ya rufe rabinsa, gogewa ta yi wuya. Ba cewa na yi a daina sha ba dan Allah, likitan da ya rubuta za a koma wa ya ga ko zai canza. Wasu magungunan kuma busar da baki suke yi, shi kuwa yawu wanki ne da Allah ya ba mu kyauta. Mai ƙanjamau da duk wanda garkuwarsa ta yi ƙasa shi ma yana sahun gaba, haka wanda haƙoransa suka hau kan juna buroshi ba ya shiga lungunan.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne na yara matasa. Akwai wata ɗalibata 'yar aji biyar, yarinya mai tsafta da ƙoƙari, sai ƙawayenta suka fara yi mata kirari wai ta yi wushirya da girmanta, ita ma tana jin daɗi, ni kuma da yake idona ya buɗe a kan Yaya sai na lura wushiryar kullum ƙara faɗi take yi, haƙoran gaba suna turowa waje. Wushiryar da aka haife ka da ita ado ce, amma wadda ta zo daga baya tana buɗewa alama ce ta ƙashin da ke riƙe haƙori ya fara saki. Na kira mahaifinta na roƙe shi, da ƙyar ya yarda, aka ɗauki hoton haƙoran sai ga ƙashi ya zaizaye a na gaba da matauna na farko, alhali bakinta fes ba wani datti. Irin wannan mai kama yara yana bin dangi, kuma akwai wani jinsin ƙwayar cuta mai dafi sosai da ake kira JP2 wanda bincike a Maroko da Gana ya nuna yana yawo a tsakanin matasan arewaci da yammacin Afirka, wanda ke ɗauke da shi haɗarinsa ya ninka sosai. To ka ce wa wannan yarinyar ƙazama?

Yunwa ma na da hannu. Rashin bitamin C kaɗai na sa dasashi ya yi taushi ya dinga zubar da jini, abin kunya ne a ce a garin da ke da kasuwar Farin Gada, inda ake lodin tumatir da kabeji da tattasai zuwa ko'ina a ƙasar nan, yaro ya yi wata bai ga gwaiba ko lemu ba, amma haka talauci yake. Can ƙarshen wannan hanyar kuma akwai noma, cutar da ke farawa da ɗan gyambo a dasashin yaro mai tamowa ɗan shekara 2 zuwa 6, musamman bayan ƙyanda, cikin kwanaki ta cinye kunci da leɓe. Tun 1999 akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disambar 2023. Duk uwar da ta ga dasashin ɗanta na jini yana wari yaron kuma ya rame, kada ta jira gobe.

Abin da ke ƙara dagula mana lissafi shi ne masu magani a mota da lasifika, waɗanda ke cewa tsutsa ce a haƙori, su turara maka hayaƙi su nuna maka wasu 'yan farare a cikin ruwa su ce ga su nan sun fito. Babu wata tsutsa. Yaya ya biya kuɗi sau biyu an cire masa tsutsar, haƙorin bai fasa girgiɗi ba. Wani yace ya ɗiga ruwan batir, Allah ya taimaka bai yi ba, amma ya taɓa danna garin maganin ciwon kai a dasashi ya kwana da shi, da safe wajen ya ƙone ya yi fari fat. Kanumfari da ruwan gishiri mai ɗumi suna rage raɗaɗi, ban musa ba, amma ba sa kankare simintin da ke ƙarƙashin dasashi. Sai kuma wata jita-jitar da ke hana mutane zuwa asibiti, wai in aka yi maka wankin haƙori sai haƙora su yi sako-sako su buɗe. Ba wankin ne ya buɗe su ba, dama ƙashin ya tafi, dattin ne ya cike gurbin ya riƙe su kamar laka a jikin tsohuwar katanga. Aswaki kuwa sunna ce kuma yana aiki sosai in an iya, sai dai yawancinmu haƙoran gaba kawai muke gogawa muna tafiya muna hira, bayan matauna da ɓangaren harshe da tsakanin haƙora ba sa ganin komai, kuma a can ciwon yake fara zama.

Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2022 tace kusan kashi 19 cikin 100 na manyan mutane a duniya, sama da mutum biliyan 1, suna da ciwon dasashi mai tsanani, kusan mutum ɗaya cikin biyar kenan, ka ƙirga mutanen sahun gaba a masallacinku ka gani. Mu a Jos ma ba mu da uzurin nisa, ga asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, a Lamingo, ga asibitin ƙwararru na jihar Filato, Jami'ar Jos na horar da likitocin haƙori, kuma a garin nan ne aka kafa cibiyar binciken lafiyar baki ta ƙasashen Afirka, wadda na tabbata da yawan 'yan Unguwar Rogo da Gangare da Rikkos suna wucewa ta kusa da ita ba su san aikinta ba. Roƙona ga hukumomin lafiya ba mai tsada ba ne, duk inda ake ganin masu suga da duk inda mata ke zuwa awo a ƙara tambaya ɗaya, dasashinka na jini? In an ce e a tura mutum wajen likitan haƙori. Kuma a rage kuɗin wankin haƙori a asibitocin gwamnati, dan magidancin da ke lissafin kuɗin mudun masara ba zai kai kansa a wanke masa haƙorin da ba ya ciwo ba, sai ya kumbura ya hana shi barci ya je a cire. Malamanmu masu wa'azi da ke karantar da falalar aswaki su ma su ƙara da cewa jini a baki ba lafiya ba ce. Kai kuma Malam Edita ranar 20 ga Maris ce ranar lafiyar baki ta duniya, dan Allah ka samo likitan haƙori mai jin Hausa ka ba shi shafi guda mutane su turo tambayoyi.

Ni ma da na je aka auna ni an samu aljihu mai milimita 5 a wurare biyu, ni da nake ganin ba abin da ya same ni, yanzu duk wata shida nake zuwa wanki, Yaya kuma duk wata uku saboda nasa ya fi tsanani, an koya mana amfani da zaren sakace da wani ɗan mitsitsin buroshi mai shiga tsakanin haƙora a madadin tsinken tsintsiya da muka saba. Sugansa ya sauka, ƙurjin ya daina fitowa, haƙoran da suka rage an ce in ya kiyaye za su iya kai shi tsufa, yana tara kuɗin haƙoran roba kafin bikin 'yarsa bayan sallah dan yace ba zai shiga hoto baki a rufe ba. Yaransa shida da nawa huɗu duk mun sa an duba su, an samu ɗaya da za a dinga sa wa ido. Shi kuma yaron nan ɗan keke na same shi jiya a bakin titin Bauchi yana jiran fasinja, ban yi masa faɗa ba, tambayarsa kawai na yi ko yana ganin jini in yana goge baki, ya yi shiru ya cire karan sigarin da ke bayan kunnensa yana juya shi, can yace Malam da dai ina gani amma yanzu ya daina. Nace masa ranar Talata in ya sauke 'yan makaranta ya biyo ta gida ya ɗauke mu ni da Yaya, dama ranar ce za mu asibiti.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara basira, a gaida ma'aikata.

Naka mai karanta ku kullum,
wani malamin makaranta daga Unguwar Rogo, Jos.